Baki Daban, Murya Daban: Yadda Kwamfuta Ke Haɗa Sauti da Hoto

Mai ɗaukar bidiyo a Kankiya ko Kusada ba ya rasa aiki. Da azumi akwai tafsiri, bayan salla ga bukukuwa, ga walimar saukar Alƙur'ani, ga Maulidi, ga taron 'yan siyasa in lokacinsu ya kama. Yau kana cikin gari, gobe an kira ka Rimaye ko Kafin Soli, jibi kana kan babur zuwa Yashe ko Mawashi. Hoto kam ya daina zama matsala, domin wayar da ke aljihun yara da yawa tana ɗaukar abin da kyamarar gidan talabijin ba ta iyawa shekaru ashirin da suka wuce. Abin da ke sa mai aiki ya dawo maka da kaya fuska a murtuke shi ne sauti. Ko dai ba a jin abin da malam yake faɗa sai rurin janareta, ko kuwa ana ji tangararan amma baki ya rufe magana tana ci gaba.

Matsala ta biyun daga maganin ta farkon take fitowa. Kyamararka tana can bayan sahu, makirfonta yana kwasar fanka da tari da kukan yara. Don ka samu murya mai tsabta sai ka ɗauke ta daban: ka ja waya daga miksa zuwa rikoda, ko ka maƙala wa mai magana ƙaramin makirfo a wuyan riga. Ka dawo gida da fayil biyu, ɗaya hoto ɗaya murya, ba lokaci ɗaya suka fara ba, ba kuma lokaci ɗaya suka ƙare ba. A da sai ka zauna kana jan ɗaya kana tura ɗaya har idonka ya yi ja. Yanzu manyan manhajojin editin suna yin wannan da kansu cikin ƙanƙanin lokaci, amma sai in ka kawo musu abin da suke bukata daga wurin taro.

Me kwamfutar take dubawa?

Ba leɓen malam take kallo ba. Wannan shi ne abin da sabon shiga ya kamata ya fara sani. Sauti take gwadawa da sauti. Tana ɗaukar muryar nan mai datti da kyamara ta kwasa, ta ɗauki mai tsabtar da rikoda ta naɗa, ta mai da kowacce zanen tudu da kwari, sannan ta riƙa zamar da ɗaya a kan ɗaya har sai tuddan sun hau juna, kamar yadda tela ke jera ƙyalle biyu na atamfa har furen wannan ya faɗa daidai kan furen wancan. Da yake sautin kyamara a manne yake da hotonsa, da zarar murya mai tsabta ta zauna daidai da shi, ta zauna daidai da hoton ke nan.

Saboda haka sautin kyamarar nan da kake rainawa shi ne mabuɗin aikin gaba ɗaya. Wanda ya kashe makirfon kyamara don wai yana da rikoda, ya bar kwamfuta ba ta da abin da za ta gwada. Haka wanda ya kafa kyamara a gindin lasifikar DJ har sautin ya fashe: zanen ya zama katako guda, babu tudu babu kwari, manhaja za ta yi ta lalube ta ce maka ba ta samu dacewa ba. Kafin a fara taro ka duba ma'aunin sauti a fuskar kyamara, ka ga yana motsi, kuma ba ya bugun ja. In kyamararka tana barin a saita ƙarfin sauti da hannu, ka ajiye shi inda mafi ƙarfin magana ke tsayawa wajen −12. Ba sai ya yi daɗin ji ba, a dai iya gane kalmomi.

Abin da za ka gama kafin ka bar wurin taro

Ka je da wuri, ka nemi mai miksa tun kafin hankalinsa ya rabu. Ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka ce, “Maigida, don Allah ko za a taimaka mini da layi ɗaya in ɗauki murya?” Yawancinsu ba sa hanawa in ka zo da wayarka. Ka riƙa yawo da kawunan waya iri-iri a jaka, domin miksar masallacin unguwa daban, ta mai kiɗan biki daban. Ramin da aka rubuta wa Rec Out ko Aux shi kake nema. Sautin da ke fitowa daga miksa ya fi ƙarfin ramin makirfo nesa ba kusa ba, don haka in rikodarka tana da ramin Line ka shiga ta nan, in babu ka sa a rage daga miksa sosai. Ka sa hedifon ka saurara da kunnenka. In ka ji wani gurnani a ƙarƙashin murya, sau da yawa daga wutar janareta ne: cire cajar rikoda, ka bar ta a kan batir.

Akwai kuma eko. Masu miksarmu suna son sa, jama'a ma sun saba da shi a wajen wa'azi da biki, amma a bidiyo yana dagula magana, yana kuma rikita gwajin da kwamfuta za ta yi. In akwai hanyar da za a ba ka muryar kafin ta bi ta cikin eko, ka roƙa.

Sai saiti. Sa rikoda ta naɗa a WAV, a kan 48 kHz, domin shi ne ma'aunin da kyamarori da manhajojin bidiyo suke aiki da shi, 44.1 kHz na faifan waƙa ne. Kada girman fayil ya tsorata ka: awa guda ta WAV mai kunne biyu a 24-bit ba ta wuce kusan gigabait ɗaya ba. Hoto kuwa ka sa shi a firem 25 a sakan, saboda wutar ƙasar nan 50 Hz ce, kuma shi ne ke rage kyaftawar fitilu a cikin ɗakin taro. Wayoyi da yawa a 30 suke zuwa. In duk da waya za ku ɗauka, to ku tsaya a 30 gaba ɗayanku. Abin gudu shi ne wannan yana 25, wancan yana 30, na uku yana 60.

Da ka danna rikoda, ka manta da ita. Kyamara kana iya tsayar da ita sau nawa ka ga dama, ka canza batir, ka koma wani gefe, amma murya ta tafi a miƙe daga buɗe taro da addu'a har rufewa. Doguwar muryar nan ita ce ginshiƙin da duk guntayen hotuna za su zo su jingina da shi. In ka yanka ta gida ashirin, ka ba kwamfuta wasan neman wane ne na wane. Wasu rikodoji suna raba fayil da kansu in ya kai gigabait biyu, wasu kyamarori kuma a gigabait huɗu. Wannan ba laifi, a jere suke, sai ka liƙa su baya da baya. Wanda ya fi haɗari shi ne tsoffin kyamarorin hoto da ke tsayawa da kansu gab da cika minti 30. Ka sa ido a kan agogo, ka tsayar ka sake dannawa a lokacin da mai jan baki ya ɗauki karatu ko ake gyaran makirfo, ba tsakiyar maganar malam ba.

In waya ce rikodarka, sa ta a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya yana iya yanke naɗin. Kuma kada ka yarda a turo maka murya ko bidiyo ta WhatsApp haka kawai. Yana matse su ya rage musu inganci. A haɗa da kebul, ko a tura ta Xender, ko in dole sai WhatsApp ɗin a aika a matsayin takarda.

Yanzu sai maganar yin tafi. Allon nan mai baƙi da fari da ake bugawa gaban kyamara a wajen shirya fim ba ado ba ne. Tun farkon zamanin fim mai magana, wajen 1930, ake amfani da shi, don a ga firem ɗin da katako biyu suka haɗu, a kuma ji ƙarar a faifan sauti. Kai ba ka bukatar allo. Bayan duk na'urori sun fara aiki, wani ya tsaya inda kowace kyamara ke ganin hannunsa ya yi tafi ɗaya mai ƙarfi. Manhaja za ta iya aiki ba tare da shi ba, amma ranar da ta gaza, shi ne zai fitar da kai. Sai dai kowane wuri da ladabinsa. Ba ka shiga gaban malam a masallaci ka kama tafi. Can sai ka roƙi mai gabatarwa, “Malam, in za a fara a ɗan ƙwanƙwasa makirfon sau uku,” kai kuma ka riƙe kyamara a kan yatsansa. Dama ɗabi'ar masu riƙe makirfo ce, babu wanda zai ga baƙon abu. Ka sake neman irin wannan alama a ƙarshen taro kafin ka kashe komai. Za ka ga amfaninta a gaba.

A wajen kamu ko yinin biki a cikin gida, inda mata ne zalla kuma sau da yawa babu miksa, mai ɗaukar takan dogara da ƙaramin makirfo marar waya. Guɗa ba ta yin alama, don doguwa ce ba ta da kai. Bugun farko na kalangu ko na ƙwarya ya fi ta. Walƙiyar filashin mai hoto ma tana taimakawa wajen jera kyamara biyu, tun da a firem ɗaya take bayyana a dukansu.

A gaban kwamfuta

Kwashe komai daga memori zuwa kwamfuta tukuna, folda ɗaya ga kowace kyamara, ɗaya ga murya. Kada ka yi editin kai tsaye daga kati.

Kafin ka buɗe manhajar editin, akwai binciken da yake ceton dare guda, musamman ga hoton waya. Waya ba ta cika riƙe adadin firem ɗaya ba. In haske ya ragu ko ta ɗau zafi, sai ta rage, in ta samu sarari ta koma. A wayar ba za ka lura ba, amma a kan taimlain sai hoto ya riƙa gudu yana tsayawa, murya kuwa tana tafiya da takunta. Sauke MediaInfo, kyauta ne, ka jefa fayil ɗin ciki, ka duba layin Frame rate mode. In ka ga Constant, wuce. In ka ga Variable, ka bi da shi ta HandBrake, shi ma kyauta, ka zaɓi 25 ko 30, ka danna Constant Framerate, ka bar inganci a sama. Zai ci lokaci a ƙaramar laftof, don haka ka jera fayilolin ka bar su suna juyawa lokacin da akwai wuta. Sababbin fitowar Premiere suna ƙoƙarin jure irin wannan fayil, amma a tafsirin awa ɗaya da rabi ni ban ba da shawarar a dogara da ƙoƙarin ba.

A Adobe Premiere Pro, hanya mafi sauƙi ita ce ta kan taimlain. Ɗora bidiyo da sautinsa a layi na farko, ɗora muryar rikoda a layin sauti na biyu. Dole su kasance a layi daban-daban. Zaɓe su duka, danna maɓallin dama na linzami, zaɓi Synchronize, sannan Audio. A wurin Track Channel, in ba ka tabbatar da kunnen da muryar take ba, zaɓi Mix Down. Danna OK, ka jira. Guntun zai yi tsalle ya zauna wurinsa. In ka ga Synchronize ya yi fari ba ya dannuwa, kusan kullum dalilin ɗaya ne: ka zaɓi guntaye biyu da ke kan layi guda. Umarnin guntu ɗaya yake karɓa daga kowane layi.

To ina wanda ya dawo daga biki da guntaye sittin? Shi ba ta taimlain zai bi ba. A akwatin Project, ka zaɓi doguwar muryar tare da duk bidiyoyin, danna dama, zaɓi Create Multi-Camera Source Sequence, ka sa Audio a matsayin abin daidaitawa. Premiere zai jera waɗanda ya gane a kan muryar, ya bar waɗanda bai gane ba a waje. Danna dama a kan abin da ya haɗa, ka zaɓi Open in Timeline, ka ga aikin da idonka. Akwai kuma Merge Clips, wanda ke narka bidiyo ɗaya da murya su zama sabon guntu. Yana da daɗi ga hira gajera, amma ga dogon taro mai kyamara biyu hanyar Multi-Camera ta fi ba ka 'yancin gyara.

A DaVinci Resolve, wanda kamfanin Blackmagic ke bayar da shi kyauta, sai ka tara bidiyo da murya a akwati ɗaya cikin Media Pool, ka zaɓe su, danna dama, ka nemi Auto Sync Audio, ka zaɓi Waveform. Rubutun yana ɗan canzawa daga fitowa zuwa fitowa, amma ka nemi zaɓin da ke barin sautin kyamara a wurinsa ya ƙara sabon a kai. A tsofaffin fitowa Append Tracks ake kiransa. A kan taimlain kuma akwai Auto Align Clips. Aibin Resolve ɗaya: yana son kwamfuta mai ƙarfi, tsohuwar laftof tana wahala da shi. Masu Filmora suna da Auto Synchronization, masu Final Cut Pro a kwamfutar Apple suna da Synchronize Clips, duk dabarar ɗaya ce.

Tsofaffin hannu za su tuna PluralEyes, wanda shekaru da dama shi ne gwanin wannan aiki, har kamfanin Red Giant ya saye shi a 2012. Maxon da ya gaje shi ya daina ƙara masa sababbin abubuwa a 2023, saboda manhajojin editin sun koyi yin aikin da kansu. Kada ka ɓata datarka neman sa.

Da zarar komai ya zauna, ka zaɓi hoto da sabuwar murya ka ɗaure su da Link, don kada hannu ya goce ya raba su. Sannan ka adana aikin nan take, tun wuta ba ta ɗauke ba.

Kada ka yarda da manhaja ido rufe

Nan ne ake bambanta mai sana'a da mai danna maɓalli. Manhaja ta ce ta gama, amma akwai abubuwan da ba ta sani ba.

Na farko nisa. Sauti yana tafiya a iska wajen mita 343 a sakan, ya ɗan fi haka a zafin bazara. Firem ɗaya a 25 kashi ɗaya ne cikin 25 na sakan, wato milisakan 40, kuma a wannan ɗan lokaci sauti mita 14 kacal yake ci. In kyamararka tana nesa da mai magana da mita 28 a filin Maulidi, muryarsa tana isa makirfonta a makare da firem biyu. Kwamfuta kuwa da wannan makararren sautin ta daidaita muryar rikoda, ta gado lattin ke nan. A hoto mai faɗi ba wanda zai lura. Amma ka zuƙo fuska ta cika allo, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin menene ba. Maganin shi ne ka ja muryar baya da firem ɗaya ko biyu da hannu. Ka lura dai: in akwai lasifika kusa da kyamara, ita kyamarar ta fi ji, kuma nisanta za ka lissafa, ba na mumbari ba.

Ta yaya za ka gane ya zauna? Nemi kalmar da leɓe ke haɗuwa a cikinta, mai harafin b ko m: bismillah, malam, mutane, biki. Tafi firem-firem da kibiyar madannai. Firem ɗin da leɓe ya buɗe, nan ya kamata tudun sautin ya tashi. In dole ka yi kuskure, gara murya ta ɗan makara da ta riga baki. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mutum yana fara lura in sauti ya riga hoto da milisakan 45, amma in makara ya yi sai ya kai wajen 125 kafin a gane. Dalili a fili yake: tun muna yara muke ganin mai faskare daga nesa ya sauke gatari kafin mu ji ƙarar, ba mu taɓa jin ƙarar ta riga gatarin ba. In firem ɗaya ya yi maka yawa, a Premiere akwai Show Audio Time Units a menun taimlain, wanda ke barin ka motsa sauti ƙasa da firem.

Duk wannan dubawa da hedifon mai waya ake yin ta. Na Bluetooth yana da nasa jinkirin, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Mutane da yawa sun ɓata aikin da yake daidai suna gyaran lattin da ke kunnensu kaɗai.

Na biyu maimaici. Waƙar fim ɗin Hausa a situdiyo ake naɗa ta tukuna, sannan a kunna ta a wurin ɗauka 'yan wasa su bi da baki, kuma matasa masu bidiyon waƙa a garuruwanmu haka suke yi. Amshin irin wannan waƙa sau da yawa kwafinsa ake yi a liƙa, don haka na farko da na uku zanensu ɗaya sak. Kwamfuta tana iya ɗora guntunka a kan amshin da ba shi ba, kuma a wurinta ta yi daidai. Haka in DJ ya sa waƙa ɗaya sau uku a dina. Maganin: ka yanko yankin muryar da ka san guntun na ciki, minti biyu ko uku, ka ba ta wannan kaɗai ta bincika. Masu waƙa kuma su riƙa fara kowace ɗauka daga baitin da ke gaban amshi, don a samu abin da ba ya maimaituwa. Karatun mai jan baki bai da wannan matsala, ko ya maimaita aya, tun da kowace maimaitawa da numfashinta.

Na uku, wanda ya fi cin rai, zamewa. Farko daidai, minti ashirin daidai, can wajen awa ɗaya sai ka ga baki da murya sun raba hanya. Shi ya sa duk dogon aiki wuri uku ake dubawa: farko, tsakiya, ƙarshe. In ka riga ka gyara firem ɗin waya amma abin bai tafi ba, to agogon cikin na'urorin ne. Kowace kyamara da kowace rikoda tana ƙirga lokaci da nata ɗan agogon, kuma babu biyu da suke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. A minti biyar bambancin ba ya ganuwa, a awa biyu ya taru. Wani lokacin kuma ruɗanin 30 da 29.97 ne, ratar ƙarama ce a ido, amma sakan 3.6 take haifarwa a awa guda.

Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce almakashi: duk bayan minti goma ko sha biyar, ka nemi inda mai magana ya yi shiru, ka yanka muryar, ka matsar da abin da ya biyo baya da firem ɗaya. Ba wanda zai ji. Mai tsabtar kuwa ita ce ka miƙe muryar ko ka tsuke ta gaba ɗaya, kuma nan ne alamar ƙarshen taro take biyan ka. Daidaita ƙwanƙwasar farko, ka je ta ƙarshe ka ƙirga ratar. A ce tsakanin alamomin biyu hoto ya ba ka sakan 3,600 cif, murya kuma ta wuce da firem 10, wato sakan 0.4. Muryar tana bukatar ƙarin gudu na kusan 0.011 cikin ɗari. A Premiere, yanke muryar daidai kan alamomin biyu, ɗauki Rate Stretch da harafin R, ka ja bakinta har ya zo daidai da alamar hoto. Ko ka kai ta Audacity, ka shiga Change Speed, ka rubuta sabon tsawon da kake so. Canjin ya yi ƙanƙantar da kunne ba zai ji muryar ta sauya ba.

Manyan masu shirya fim suna kauce wa duk wannan da ƙananan akwatunan lambar lokaci irin su Tentacle Sync, da ake maƙala wa kowace na'ura su riƙa ƙirga lokaci ɗaya. Abu ne mai kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aikin biki da walima. In kana da rarar kuɗi, ƙaramar rikoda irin Zoom H1n da batira masu kyau sun fi maka amfani.

Sautin kyamara bayan ya gama aikinsa

Kada ka bar muryoyin biyu suna tashi da ƙarfi ɗaya. Za ka ji maganar ta yi kauri kamar daga cikin rijiya, saboda ɗan tazarar da ke tsakaninsu. Amma kuma kada ka goge na kyamara. Miksa abin da ya shiga makirfo kaɗai take ba ka. Amin ɗin jama'a bayan addu'a, kabbara, dariya in malam ya yi barkwanci, guɗar dangin ango, duk ba sa cikinta, kuma bidiyon da babu su sai ya zama kamar mutum yana magana shi kaɗai a ɗaki. Ka sauke sautin kyamara ƙasa sosai lokacin magana, ka ɗaga shi a waɗannan gurabe, ka sake sauke shi a hankali.

Wanda duk aikinsa a waya yake, da CapCut ko KineMaster, ya ɗauka da hannu zai daidaita. Ɗora muryar ƙarƙashin bidiyo, ware sautin bidiyon ya fito a layinsa, buɗe taimlain da yatsa biyu iyakar buɗuwarsa, ka nemo tsinin tafin a kowanne, ka jera su. Kunna su tare: in ka ji tafi biyu, da saura, in ya zama ɗaya, ya zauna. Dogon taro kuwa ka raba shi gida-gida na minti goma, kowanne ka daidaita shi daban.

Wajen fitarwa, ka bar firem yadda taimlain yake, sauti a 48 kHz. Tura fayil ɗin zuwa waya ka kalli minti na ƙarshe kafin ka miƙa wa mai aiki ko ka ɗora a Facebook, domin a waya yawancin mutane za su gani. Ainihin muryar rikoda da hotunan kyamara kuma ka ajiye su aƙalla har mai aikin ya kalla ya ce ya gamsu, don in ya dawo yana son a ciro jawabin waliyyin amarya shi kaɗai, daga su za ka sake yankowa.